Cigiyar baƙon da ya kwana a zaurenmu na Bugaje

Na san alƙawarin da na ɗauka a makon jiya shi ne za mu ƙarasa maganar yaye, to ki yi mini uzuri, 'yar'uwa. Yau cigiya na zo yi, kuma cigiyar ta haura shekara 35 tana jiran wanda zai yi ta yadda ya kamata.

Ɗana na uku ne ya tono zancen, yaron nan mai shekara 12 da ba ya ganin akwati a rufe ya ƙyale. Ran nan muna wajen Inna a Katsina, sai ya jawo tsohuwar adakarta daga ƙarƙashin gado, ya fito da abu biyu. Ɗaya 'yar ƙwallo ce fara da ta koma ruwan ƙasa, tauri kamar dutse, jikinta duk 'yan ramuka kamar mai zanzana. Ɗayan kuma wani dogon kwaroro ne na fata mai murfi, tsawonsa ya kai kamu biyu. Inna da yanzu sai ta kira sunan jikoki uku kafin ta dace da wanda take nufi, nan take ta ɗago ta ce, "Kai, aje! Amanar baƙo ce."

Ni kuwa ina ganin ƙwallon nan sai ga ni a Bugaje, ina 'yar shekara takwas, a raɓe a bakin zaure.

Ga wadda ba ta sani ba, Bugaje gari ne a ƙaramar hukumar Jibiya, ƙasar jigawa, kusa da iyakarmu da Nijar. Baba bakanike ne, irin na ƙauye da ba ya zaɓen aiki: injin niƙa, babur, mota, har fitilar ruwa in ta ƙi. Wata rana da la'asar sakaliya, bayan an gama yankan gero, aka turo wata farar Peugeot 504 doguwa har ƙofar gidanmu. Mutum biyu ne a ciki, direba Bahaushe da maigidansa. Baba ya duba ya ce abin da ya lalace sai an je Katsina, kuma dare ya yi. Aka share zaure, aka shimfiɗa tabarma biyu.

Da safe, direba ya bi motar kasuwa ya tafi sayo kayan gyara, baƙon ya zauna shi kaɗai da mu yara mun yi masa zobe. Abin da ya yi shi ne ban manta ba. Ya durƙusa ya ɗebi rairayin ƙofar gida, ya murza a tafin hannu, ya shinshina. Ya karɓi buta ya tsiyaya ruwa a ƙasa, ya tsaya yana kallon agogonsa har ruwan ya tsotse. Daga nan ya ɗauki kara ya zana wani dogon abu mai kama da kuɓewa, ya haƙa ɗan rami a ƙarshensa, ya fito da ƙwallon nan daga aljihu, ya miƙa mini karan ya nuna in tura ta. Sau huɗu na buga kafin ta faɗa. Ya tafa, ya bar mini ita.

Da direba ya dawo, shi ya yi wa Baba tafinta. Ya ce maigidansa sana'arsa tsara filayen wasa ne, irin wanda manya ke buga ƙaramar ƙwallo da sanda, kuma wai ya ce ƙasar Bugaje ita ce irin wadda masu wannan sana'a ke nema ido rufe. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Ƙasar da sai an haɗa da taki da addu'a kafin ta ba da dami goma? Aka gyara mota, Baba ya karɓi kuɗin aikinsa, ya ƙi karɓar na kwana da na tuwo, suka tafi. Sai da yamma aka ga kwaroron nan jingine a bayan ƙofar zaure.

Baba bai yi sakaci ba. Ya ba da sallahu a tasha, ya yi cigiya a kasuwar Jibiya ta ranar Lahadi, ya taka har inda ake aikin madatsar ruwa ta Jibiya a kan kogin Gada, wanda in ya tsallaka Nijar ake kira Gulbin Maraɗi, domin a shekarun nan can ne baƙi masu jan kunne da kayan awo suka fi yawa. Babu wanda ya san shi. Ya rataye kwaroron a azarar ɗakinsa, duk shekara in za a yi yaɓe sai ya sauke ya kakkaɓe. A ciwon ajalinsa, cikin abubuwan da ya lissafa wa Yaya, tsakanin bashin wani mai faci da rancen iri, har da wannan: in an samu mai shi, a ba shi, a ce masa ba a taɓa komai ba.

Sai ga abin da ya same mu ya same mu. Kin dai san halin da yankin Jibiya ya shiga, har ta kai a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Katsina, da tamu a ciki. A 'yan watannin nan ne Yaya ya ɗauko Inna. Ta bar gadonta na ƙarfe, ta bar turmi, ta bar tukwanen da ta yi aure da su. Kwaroron baƙo kuwa ta naɗe shi cikin zani ta rungumo. Da na ji haka ne kunya ta kama ni. Ni ce mai boko a gidan, ni ce mai waya a hannu dare da rana, amma ban taɓa ko buɗe murfin ba.

Da muka buɗe, takarda ce babba guda ɗaya a nannaɗe, zanen ya koɗe amma yana karantuwa. Kuɓewoyi tara, kowace da lambarta daga 1 zuwa 9, da layuka masu lanƙwasa da ke nuna tudu da gangare, da kibiya mai nuna arewa, da 'yan bishiyoyi, ɗaya ko makaho ya shafa ya san kuka ce. Masu zanen gini da na fili a kusurwar ƙasa ta dama suke rubuta sunansu da sunan wurin da kwanan wata. To wannan kusurwar ce gara ta zaɓa ta ci. Duk faɗin takardar nan, ita kaɗai.

Wasan dai shi ne golf, wanda za ki ji wasu gidajen rediyo na kira ƙwallon lambu. Mu Katsinawa ba shi muka sani ba. Namu shi ne folo, ƙwallon dawaki, tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, har ƙetare an san shi da gwaninta a kai. Shi ya sa shekara da shekaru in an tambayi mutanen gidanmu sai su ce ƙwallon folo ce, alhali ta folo ta ninka wannan girma. Ta golf ba ta wuce giram 46 ba, faɗinta kuma kamar santimita 4 da ɗan ɗoriya. 'Yan ramukan jikinta, da kan kai 300 zuwa 500, ba ado ba ne, su ke sa ta keta iska ta yi nisa fiye da mai sulɓi. Cikakken fili ramuka 18 ne, adadin da aka gada daga filin St Andrews na ƙasar Sikotlan tun 1764, ƙananan filaye kuma kan tsaya a 9, kamar namu na takarda. Kuma ashe baƙon ba zolayar Baba yake ba. A kan jigawar bakin teku wasan ya samo asali, inda ruwa ba ya kwanciya, kuma har gobe masu tsara filayen sun fi son ƙasa mai rairayi a kan ta laka. Abin da yake aunawa ke nan da buta da agogo.

Na fara da tambayar 'yan gida, a nan kuma na ga ikon Allah. Ni a idona Bature ne, mai furfura, da malafa. Yaya, wanda ya girme ni da shekara shida, ya rantse Kwara ne, irin na Kantin Kwari, kuma kansa babu komai sai sanƙo. Gwaggo ta ce Ba'indiye ne, hujjarta ita ce an kai masa tuwo da nama ya cinye tuwon ya bar naman. Inna ba ta ma ga fuskarsa ba, tana cikin gida, kwanon kawai ta gani ya dawo. Mutum ɗaya, dare ɗaya, zaure ɗaya.

Ba ƙarya wani ke yi ba a cikinmu. Ƙwaƙwalwa ba kaset ba ce, duk lokacin da aka tuno abu sai ta sake ɗinka shi, wani lokaci da ƙyallen da ba nasa ba. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Elizabeth Loftus, ta gwada wannan a 1995. Ta samu mutum 24, aka ba kowanne labarai na yarintarsa da aka karɓo daga danginsa, aka cusa guda ɗaya na ƙarya, wai ya taɓa ɓata a wani babban kanti yana ƙarami. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka ce sun tuna, wasu har da ƙarin bayani. Ni ma da hannuna na tafka irin wannan. Maimakon in ce, "Gwaggo, yaya kamanninsa?" sai na ce, "Gwaggo, ba mai malafar nan ba ne?" Ta yi shiru, ta ce, "Ƙwarai kuwa, da malafarsa." Yanzu in kin tambaye ta, malafar ce farkon abin da za ta faɗa, har launinta ta sani. Na ɓata shaida guda da bakina. In za ki tambayi tsohuwa labarin da, ki same ta ita kaɗai, ki kunna naɗar murya a wayarki, ki yi tambaya ki kame bakinki. Shirun nan da ke ba mu haushi, a cikinsa take lalube.

Shekarar ma da dabara aka samo ta. Kada ki ce wa Inna "wace shekara," ba za ki samu komai ba. Amma da na ce, "Lokacin wa kike goyo?" sai ta ce ba goyo, cikin Auta ne, har ba ta son warin man da Baba ya shigo da shi a riga ran nan. Katin haihuwar Auta ya nuna Maris na 1989. Ke nan kakar 1988 ce, shekara guda bayan an cire jihar Katsina daga Kaduna a watan Satumba na 1987, lokacin da ko ina ka duba awon fili ake yi.

Da ɗana ya ji 1988 da maganar Ba'indiye, sai ya shiga intanet ya dawo da murna, wai ya gano shi. Ya nuno mini Vijay Singh, ɗan ƙasar Fiji mai asalin Indiya, wanda ya ci gasar golf ta Nijeriya a 1988 ya kuma maimaita a 1989, kafin ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan duniya. Na yaba masa, amma na ce ya duba shekarar haihuwa. An haife shi a 1963, ke nan yana ɗan shekara 25 a lokacin, kuma ɗan wasa ne. Namu dattijo ne, a kan wannan dai ni da Yaya da Gwaggo bakinmu ɗaya, ko furfura ce ko sanƙo. Yaron ya ji haushi na kwana ɗaya. Amma ya koyi cewa abu ya yi kama da amsa ba shi ne amsa ba, kuma ni ban yi asarar datar ba.

Wanda ya fi kowa taimakona wani tsoho ne a Kano. Abban yara ne ya kai ni wajen filin golf na Kano, muka yi sa'a aka haɗa mu da wani dattijo da tun yana yaro yake ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna. Ban kai takardar ba, hotonta na nuna masa a waya, yana ja da yatsa yana faɗaɗawa. Ya nuna mini inda ake fara bugu, da doguwar shararriyar hanya, da kwarin yashi da ake haƙawa da gangan don ya zama tarko, da da'irar da ramin yake. Ya ce in lura, da'irorin nan da jan fensir mai duhu aka cike su, ba da kore ba. A ƙasashen da ke da ruwa, wurin ramin ciyawa ce lallausa da ake aske ta kullum. A nan arewa kuwa, a da, rairayi ake gaurayawa da baƙin mai a daddaɓe, in mutum ya buga a ja buhu a share sawunsa. Ke nan filin na ƙasa mai fari ne, ba na kudu ba.

Ya kuma faɗa mini abin da ya ɗan sanyaya mini gwiwa. Tsofaffin filayenmu, irin na Rayfield a Jos da aka kafa a 1913 da na Kaduna na 1921, zamanin Turawan mulki ne da na haƙar kuza da na jirgin ƙasa, kuma a irin waɗannan wurare sau da yawa 'yan kulob ne da kansu ke fita da igiya da turaku su shata, ba a ajiye sunan kowa. Sai daga baya aka fara ɗauko ƙwararru, kamar lokacin da aka yi babban filin IBB na Abuja da aka buɗe a 1991. Amma ya ce wannan hannun ƙwararre ne, ba na mai sha'awa ba. Sai ya dangwala yatsa a gefen hoton ya ce, "Hajiya, wannan fa?" Wani layi ne miƙaƙƙe da 'yan gajerun layuka sun gitta shi, ya bi gefen takardar daga sama har ƙasa. Ni na ɗauka shinge ne. Ya ce titin jirgin ƙasa ne.

Kin ga wannan ya rage mini aiki sosai. A 1988 babu titin jirgi a birnin Katsina, babu a Jibiya, babu a Maraɗi. Sai yanzu ne ake shimfiɗa na Kano zuwa Maraɗi da zai bi ta wajenmu. Jirgi ya iso Kano a 1911, reshe ɗaya ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda, wani ya tashi daga Kano zuwa Nguru. Don haka duk shekarun da Baba ya yi yana cigiya a Jibiya, filin da ke cikin takardar yana can wani gari mai tashar jirgi. Hanya ce kawai ta biyo da baƙon ta wajenmu.

Abban yara ya ce mini, tsakani da Allah, mene ne amfanin wannan wahala? Wasan masu kuɗi ne, fili ɗaya mai ramuka 18 kan lashe hekta 50 ko fiye, ga shan ruwa, a ƙasar da mata ke bin layin rijiya. Takardar kuma ko mai ƙosai ba za ta karɓa ba. Ban musa masa ba, ni ma ba na fatan a mayar da gonar kowa wurin buga ƙwallo. Amma ba wasan nake wa hidima ba. Na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya ce tsintuwa ana cigiyarta shekara guda, wannan kuwa Baba ya yi har ya wuce, amma tun da shi da kansa ya ɗauke ta a matsayin ajiya ya kuma bar wasiyya, kyautatawa ce a ci gaba da nema gwargwadon iko, in mai ita ya rasu a ba magadansa. Dattijon da ke da furfura a 1988 da wuya a ce yana raye. Sai dai ina tunanin wata mata sa'ata a wani wuri, wadda ubanta ya rasu ya bar ta da hotuna biyu uku, a ce yau wani ya miƙo mata takardar da ya zana da hannunsa, da labarin ranar da ya durƙusa yana koya wa 'yar bakanike wasa da kara. Ni da za a kawo mini ko sifana ɗaya ta Baba da ya manta a wani gari, na san yadda zan ji.

Abin da ya rage shi ne direban, don shi Bahaushe ne, kuma a lokacin saurayi ne, yana iya yiwuwa yana nan da ransa. Na yi ta tambayar Inna ko ta ji daga inda yake, ta ce ita ina ta sani. Na haƙura. Sai shekaranjiya ina dama mata fura, ba tambayar da na yi, ta ce, "Yaron nan direba ma ya ce furarmu ta fi ta Tudun Wada." Na ajiye ludayi. Na ce, "Inna, wace Tudun Wadar?" Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta ta ce, "Mi? Tudun Wada dai."

To 'yar'uwa, akwai Tudun Wada a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Kano, akwai a Gusau, akwai a Jos, kuma duk garuruwan nan suna da titin jirgi.

Shi ya sa na kawo gare ki. In kina da uba, ko suruki, ko kawu, ko tsohon maƙwabci da ya yi tuƙi a shekarun 1980, musamman wanda ya tuƙa wani baƙo mai yawo da takardun zane da kayan awo, ki tambaye shi ko mota ta taɓa mutu masa a Bugaje ta ƙasar Jibiya har ya kwana a zauren wani bakanike. Kada ki ambaci malafa, kada ki ambaci sanƙo, ki bar shi ya faɗa da bakinsa. In kuma mijinki ko ɗanki na aiki a wani filin golf da titin jirgi ya bi ta gefensa, mai tsohuwar kuka a tsakiya, ki rubuto mini a ƙasan wannan shafi. Akwai wata alama a jikin murfin kwaroron da na ƙi faɗa da gangan, wanda ya san kayan shi zai faɗe ta.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu fara da Zariya, ni da Abban yara da mai tone-tonen akwati. Maganar yaye kuma tana nan, mako mai zuwa.